Ina Uwargida Za Ta Leƙa a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi?



Wasiƙar da ta sa na ɗauki alƙalami a wannan wata daga Ƙauran Namoda ta fito. Wata baiwar Allah ce da aure ya kai ta can daga Zariya. Ta ce shekararta biyu a garin, amma ban da asibiti da gidan suna ba ta san ko'ina ba, yaranta kuwa ba su da wata hira sai ta 'yan bindiga: an shiga ƙauye kaza, an tare hanya kaza. Shi ne take tambaya, shin akwai abin da mace mai kamun kai za ta fita ta gani ko ta saurara a wannan yanki? Akwai, 'yar'uwa. Sai dai ba a manna shi a bango, a bakin mutane yake, sai kin tambaya. Da yake mujallarmu wata-wata take fitowa, zan ba ki abin da ke zagayowa kowane mako ne, don ki ɗauka duk ranar da ta zo hannunki.

Amma bari in fara da gargaɗi. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da wadda ta nufi Zurmi sun sha ganin tashin hankali a shekarun nan. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya, mutum ya kasa jin muryar uwarsa. Saboda haka kada ki ɗauki yara ki hau mota don kallo kawai. Ki tsaya ga na cikin garinku. In tafiya ta kama, da izinin maigida, da rana tsaka, bayan an tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana.

Daga Asabar zuwa Laraba, wurin zuwanki na farko makarantar matan aure ce. Da wuya ki sami unguwar da babu ita a garuruwan nan uku, wata da hantsi, wata bayan La'asar. Kada ki ce ai kin yi sauka tun kina budurwa. Ba karatu kaɗai ake samu a can ba, can ne labari yake. A bakin ƙofar aji za ki ji gidan da za a yi walimar saukar Alƙur'ani ranar Lahadi, da malamar da za ta zo wa'azi daga Gusau, da inda ake koya wa mata ɗinki ko haɗa sabulu. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ake da 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗauko karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka, da malfa a kansu don a san su. Ke da makaranta ke bayan gidanki, wane uzuri gare ki? Ki kuma nemi matan ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ki tambayi amirarsu ranar da suke zama.

Idan aka yi sa'a lokacin musabaƙa ne, to kada ki bari ta wuce ki. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, daga ƙananan hukumomi ake fara tace masu shiga, kuma akwai ɓangaren 'yan mata. Ki tafi da ɗiyarki. Yarinyar da kika yi wata shida kina yi wa faɗan tilawa, ranar da ta ga sa'arta ta hau kujera tana amsa alƙalai ba gargada, da kanta za ta ɗauko allo.

Alhamis kuwa ta Shinkafi ce. Ranar kasuwar garin ke ci, kasuwar da sunanta ya kai har Nijar da kudancin ƙasar nan saboda dabbobi da hatsi. Gaskiya cikarta ta yau ba ta kai ta da ba, tsofaffi za su gaya miki. Duk da haka, ga wadda ke zaune a Shinkafi, nan ne gidan kallonmu. Ki bar wa maza kara da hayaniyarta, ki bi layin masu faifai da tabarmi da ƙoren da aka yi wa zane. Ki tsaya ki duba yadda aka jera launi a faifai guda, ki tambayi mai shi kwana nawa ta yi tana saƙa. Ni dai ban taɓa gane dalilin da zai sa mu cika ɗaki da robobin China, mu bar aikin hannun matan ƙauyukanmu yana shan rana ba. Matar da ta ratso daji da faifai goma a ka ta sayar da ranta ne kafin ta iso, don Allah a rage taya mata da wulaƙanci. Ki sayi hoce ki kai wa yara tsaraba. Wadda aka kawo daga Kano ko Zariya, in ba ta taɓa ci ba, ta ɗanɗana ta ba ni labari.

Ke kuma ta Ƙaura, mai wasiƙa, ranar Alhamis babu makarantar allo, babu Islamiyya. Da yamma ki sa maigida ya raka ku tashar jirgin ƙasa. Nan dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe, a 1929, kuma ta nan gyaɗa da audugar yankin suka riƙa tafiya bakin teku. Zirga-zirgar ba ta nan kamar da, amma yaro ya ga ƙarshen dogo da idonsa, ya ji cewa garinsu ya taɓa zama matattarar fatake, ya fi masa awa uku a gaban talabijin. A hanya ki gaya musu mai sunan garin: Namoda, jarumin Alibawa, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808 lokacin jihadin Shehu. Sarkin garin kuma Sarkin Kiyawa ake ce masa. Akwai kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983. Idan kina da ƙanwa ko 'yar maƙwabta da ke karatu a can, ki ce ta riƙa sanar da ke duk ranar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta shirya lacca da ake barin matan gari su shiga.

Mutanen Zurmi, ban manta da ku ba, kuma na san abin da kuka gani ya fi ƙarfin alƙalami. Garin Sarkin Zamfara ne, a gefen gulbin Bunsuru, mai tarihi tun kafin a san za a yi wata jiha mai suna Zamfara a 1996. Abin da zan roƙe ku ba ya buƙatar fita ƙofar gari. A kowace unguwa akwai tsohuwar da ta san yadda ake aure da suna a da, ta san tatsuniya da kacici-kacici, ta ga zamanin da ake kwana a waje lokacin bazara ba fargaba. Ki tara yaran gida da na maƙwabta daren Juma'a bayan Isha'i, ki dama mata fura, ki bar ta ta yi magana. Ki ɗauki muryarta a waya in ta yarda. Yankin da ya haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi ba zai rasa masu iya sarrafa harshe ba. Na san akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa, kuma ban ce kowa ya saurara ba. Hausar da ke bakin kakanninmu nake jin tsoron ta bi su kabari.

Ranar Juma'a bayan an sauko, in da hali, ki leƙa asibitin garinku, ɗakin yara. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi shekaru suna jinyar yara masu tamowa a Shinkafi da Zurmi, kuma da yawan iyayen da ke zaune a gefen gadajen nan mata ne da aka koro daga ƙauyukansu, ba dangi a kusa. Ki fara tambayar ma'aikatan jinya lokacin da ake barin masu dubiya, da abin da aka yarda a shiga da shi, don ba kowane abinci ake ba yaron da ke kan magani ba. Sabulu da zane ɗaya mai tsabta ma sun isa, ki zauna ki yi hira da uwar ko na minti goma ne.

Mai wasiƙa, ki gwada biyu daga ciki a makon nan, ki sake rubuto mini wanda yaran suka fi so. Ta Shinkafi kuma da ta je kasuwa, ina jiran farashin faifai.