Mai Mashin Ma Miji Ne



Wata ƙanwarmu 'yar sakandare ce ta same ni har gida nan Tudun Wada, ido jawur. Wai akwai wanda yake son ta tsakani da Allah, iyayenta sun yaba da hankalinsa, amma ƙawaye sun sa ta a gaba da tsiya saboda da mashin yake zuwa zance. Har tana shirin ba shi haƙuri. Na ce haba ƙanwata, zauna in ba ki labari.

Daminar bara hawan jinin Innarmu ya tashi wajen ƙarfe 2 na dare. Maƙwabcinmu mai mota ya fito, Allah ya saka masa, amma lungunmu ya cika da caɓi, motar ta kasa shigowa. Yayana ne ya tada Jincheng ɗinsa, muka sa Inna a tsakiya, ni ina baya na rungume ta, har asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Tun ranar ban ƙara raina mashin ba.

Ku duba mana. Mashin yana ratsa lungun da ko Keke Napep ba ya shiga. In cunkoso ya riƙe motoci a Agoro ko Ƙofar Doka, shi sai ya silale ya wuce. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu mota nawa ne suka lulluɓe ta suka koma mashin? Ga kuma abin da ba a faɗa: matar da mijinta ya goya zuwa gidan suna, hirar da suke yi a hanya ita ma zumunci ce. Ba fasinja, ba kwandasta, daga ke sai shi.

Amma fa ku fahimce ni, goyon miji ko muharrami nake nufi. Saurayi sai an shafa fatiha. Acaɓa kuwa zancensa daban, shi ne ma Kano ta hana a 2013.

In za ki hau, tattare hijabinki da gefen zani ki danne, don in taya ta kama mayafi sai dai Allah ya kiyaye. Ki kula da salansa, tabonta a ƙwauri ba ya ɓacewa da wuri. Hular kwano kuma ba abin kunya ba ce, tun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta tilasta ta har ga wanda aka goya. In yana gudu, ki taɓa kafaɗarsa ki ce, "Maigida, a rage don Allah."

Ƙanwar tamu dai ta tashi tana murmushi. Na ce mata halinsa za ki aura, su ƙawayen ba su za su zauna miki ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.