Ɗaukar hoton kwasakwasa ba zaman banza ba ne

Duk mai neman abincinsa a kasuwannin iyaka ya san wuyar da aka sha a shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO ya sake garƙame hanya har farkon 2024. Daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, kaya sun ruɓe cikin mota, jari ya karye, bashi ya yi wa mutane katutu. Ƴan uwanmu na Difa da Boso kuwa, hare-haren Boko Haram na Fabrairu 2015 sun durƙusar musu da kasuwar kifi da ta tattasai.

Asarar kuɗi kowa na lissafa ta. Amma wa ke lissafa rashin barci, da saurin fushi da iyali, da hawan jini, da samarin da suka koma shan tiramol don su manta? Ɗan kasuwa zai gaya maka jika nawa ya rasa, ba zai gaya maka abin da ke cin zuciyarsa ba.

Shi ya sa muke ba da wata shawara da wasu za su yi wa dariya: mutum ya ware awa biyu a mako, ya bar rumfa, ya tafi bakin ruwa da wayarsa ya ɗauki hoton tsuntsaye.

Mu ɗauki kwasakwasa, wanda wasu ke kira bubuƙuwa. Ana samunsa a tafkin Cadi da fadamun Waza da Logon a Kamaru, kuma dubbai ne ke ƙyanƙyasa a gandun Juj na ƙasar Senegal, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1981. Faɗin fukafukan babbansa yakan kai mita 3. Su kan yi su a ƙungiya: su jeru kamar baka, su kora kifi wajen da ruwa ba zurfi, sannan su tsoma baki gaba ɗaya. Kowane ya kwaso da jakar maƙogwaronsa, ya tsiyaye ruwan, ya haɗiye kifin.

Mai son wannan hoto dole ya yi sammako, ya zauna shiru, ya jira. Da ka yi garaje sun tashi. To a cikin wannan jira maganin yake, domin idon da ke bin tsuntsu da hannun da ke saita waya ba sa barin zuciya ta ci gaba da ƙirga bashi. Ka dawo gida da abin nuna wa yara, maimakon fuska a murtuke.

Masana ma sun duba lamarin. A 2019 masu bincike na jami'ar Exeter a Ingila sun nazarci bayanan mutum kusan 20,000, suka ga waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi bayyana cewa suna jin lafiya da kwanciyar hankali. A 2022 wani binciken na King's College da ke Landan ya nuna gani ko jin kukan tsuntsaye na tafiya tare da sauƙin zuciya da kan ɗauki sa'o'i, har ga masu fama da ciwon baƙin ciki.

Wani zai ce wannan aikin Nasara ne da masu ƙoshi. Muna tambaya: awa nawa muke ƙonawa a fada muna shan shayi muna maimaita labarin asara? Kuma ba sai an je Senegal ba. Inda babu kwasakwasa akwai zalɓe da balbela da kirinjijiya, ga shamuwa da ke zuwa da damina. Tafkin Madarumfa na kusa da mutanen Maraɗi, na Tabalak na kusa da Tawa, mutanen Gaya ga kogi a ƙofarsu.

Sai dai a yi hattara. Kada kowa ya kusanci inda babu tsaro saboda hoto, kada kuma a ɗaga waya kusa da soja ko ofishin duwan. Wanda damuwarsa ta kai ga daina cin abinci ko tunanin hallaka kansa, wurin lokotoro ya kamata a kai shi, bakin tafki ba ya maye gurbin magani.

Kiranmu ga shugabannin ƴan kasuwa da magadan gari shi ne a daina mai da tafkuna juji, a kuma hana yara harbin tsuntsaye da danƙo. Kai kuma Alhaji, ranar da ba kasuwa, ka ja ɗanka ku je ku gwada. Lafiya uwar jiki ce, kuma sai da ita ake mayar da jari.