Kiwon Lafiya: Su Wa Ake Gwada Maganin Zazzaɓi A Kansu?

A ran 25 ga watan Afrilu na shekarar 2000 shugabannin ƙasashen Afirka da wakilansu suka taru a Abuja, bisa gayyatar Shugaba Olusegun Obasanjo, suka ɗauki alkawarin rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin shekarar 2010. Cikin abubuwan da suka sa wa hannu har da cewa kashi 60 cikin ɗari na masu fama da wannan ciwo za su riƙa samun magani mai inganci cikin sa'a 24 da kamuwa. To, amma wa yake tabbatar da cewa magani yana da inganci, kuma a jikin wa ake tabbatarwa? Tambayar ta shafi kowane gida a ƙasar nan, domin rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin a duniya duka a Nijeriya suke, haka kuma kusan sulusin waɗanda yake kashewa.

A Abuja ne ake yanke shawarar irin maganin da za a riƙa bayarwa a asibitoci, watau a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da sashenta mai kula da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, sa'an nan Hukumar NAFDAC ita ke da alhakin yi wa magani rajista. Shawarar kuwa a kan gwaji take tsayawa. Gwajin da aka yi a sassan ƙasar nan a 2002 shi ya nuna cewa kulorokwin, wanda jama'a suka daɗe da sabawa da shi, ya daina cin ƙwayar cutar a jikin yara da yawa. Saboda haka a 2005 gwamnati ta sauya shi da haɗin magungunan atimisinin, waɗanda aka fi sanin ɗaya daga cikinsu da sunan Coartem. Wannan mataki ya ceci rayuka, kuma babu mai hankalin da zai raina gwajin da ya haife shi.

Sai dai yana da kyau mai karatu ya san yadda ake zaɓen waɗanda za a shigar cikin irin wannan gwaji. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 2009, a wuraren da sauro ya yi katutu yara ake ɗauka, daga masu wata 6 zuwa masu wata 59. Lalle ne yaro ya kasance da zafin jiki, ko ya yi zazzaɓi cikin sa'a 24 da suka wuce, kuma madubin likita ya nuna jinsi ɗaya tak na ƙwayar cutar a jininsa, yawanta bai gaza wani adadi ba, bai kuma zarce wani ba. Ba a ɗaukar yaron da tamowa ta kama sosai, ko mai alamun ciwo mai tsanani kamar taune-taune da amai ba ƙaƙƙautawa, ko wanda wani ciwon dabam kamar ƙyanda ko ciwon haƙarƙari ya haɗu masa da zazzaɓin, ko mai shan wani magani kullum da zai iya cin karo da wanda ake gwadawa. Inda ake ɗaukar manya kuma, mace mai ciki ba ta shiga. Bayan haka a gaban ma'aikacin lafiya ake shan magani, idan yaro ya amayar da shi nan take a sake ba shi, kana a bi sawunsa har kwana 28 ko 42.

Waɗannan sharuɗɗa suna da dalilansu. Mai gwaji yana so ya gane ko ƙwayar cutar ce ta fara bijire wa magani, shi ya sa yake kawar da duk abin da zai rikita masa lissafi. Kuma ba ya so ya jefa mai rauni cikin haɗari. Amma sakamakon da zai fito, ko da ya ce yara 97 cikin ɗari sun warke, labarin waɗanda aka tace ne.

Yanzu sai a dubi waɗanda suke cika benci a ɗakunan shan magani na Abaji da Kwali da Kuje da Bwari, ko waɗanda ake kaiwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Akwai jariri ɗan mako uku, akwai mace mai ƙaramin ciki, akwai yaro mai amosanin jini, akwai tsoho mai shan maganin hawan jini, akwai mai tarin fuka. Binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar tsumburarru ne saboda ƙarancin abinci, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Sananne ne kuma cewa wasu magungunan tarin fuka da na ƙanjamau suna rage ƙarfin maganin zazzaɓi a cikin jini. Bugu da ƙari, mutane da yawa ba su zuwa asibiti ma, kemis ɗin unguwa suke nufa. Maganin da aka tsara a sha sau shida cikin kwana uku, tare da madara ko abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi sosai, sau da yawa da ruwa zalla ake haɗiye shi, da zarar jiki ya yi sanyi kuma a adana sauran domin ƙanen yaron.

Abin da ya faru da mata masu ciki ya isa misali. Fiye da shekara goma sha biyar bayan an soma amfani da magungunan atimisinin a Afirka, mace mai ciki na wata uku na farko kwinin aka ci gaba da rubuta mata, na kwana bakwai, da ɗacinsa da jirinsa da ƙarar da yake sa wa kunne, har mata da dama ba su iya ƙarasa shi. Dalili shi ne ba a gwada sabon maganin a kansu ba, saboda tsoron abin da zai yi wa ɗan tayi. Babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, wanda ya ƙunshi mata fiye da 3,400 a Burkina Faso da Ghana da Malawi da Zambiya, masu cikin da ya wuce wata uku kaɗai ya ɗauka. Sai a watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba masu ƙaramin ciki haɗin atimita da lumafantirin, ta kuwa dogara ne ga bayanan matan da suka riga suka sha shi, galibi ba su san suna da ciki ba.

Jarirai ma haka. Ƙwayar da aka saba da ita an tsara ta ne ga yaron da ya kai kilo 5, alhali hantar sabon haihuwa ba ta sarrafa magani kamar ta babban yaro. Sai a watan Yuli na 2025 hukumar magunguna ta ƙasar Suwizalan ta amince da nau'in da aka yi musamman domin jarirai masu kilo 2 zuwa ƙasa da 5, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka takwas da suka shiga aikin tantance shi.

Duk inda aka daure aka gwada magani a kan waɗanda aka saba bari a baya, an ƙaru. A wani bincike da aka yi a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar da kuma ƙasar Mali, wanda aka buga a 2016, an kwatanta yara masu tamowa mai tsanani da marasa ita. An tarar maganin ya warkar da su duka daidai gwargwado, amma abin da ya saura a jinin masu tamowa a rana ta bakwai bai kai na sauran ba, ko da yake ana ba su abincin gyaɗa na musamman mai maiƙo. Haka nan gwajin 2010 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin, ya ɗauki yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani: cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin waɗanda aka yi wa allurar atisunet kuwa kashi 8.5. A kan wannan aka sauya yadda ake jinyar ciwon a asibitoci.

Tilas a ambaci abin da ke sa jama'ar Arewa ɗari-ɗari da kalmar gwaji. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani bincike na yara 200, inda 11 suka rasu. Aka yi ta shari'a kan batun izinin iyaye, kamfanin yana musun laifi, har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, da kwamitin ƙasa mai lura da shi a Abuja, kuma hanyar kare mai rauni ita ce a shigar da shi da saninsa da yardarsa, a bayyana masa komai cikin harshen da yake ji, a kuma sa masa ido fiye da kowa. Idan an bar shi a waje, zai sha maganin dai a ƙarshe, sai dai ba mai kallonsa, ba mai rubuta abin da ya same shi.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta riƙa bayyana, tare da kowane sakamako, su wa aka ɗauka, su wa aka bari, da yawansu. Ya kamata a buɗe rajistar mata masu ciki da suka sha maganin zazzaɓi a manyan asibitoci, a kuma kai bincike cibiyoyin kula da tamowa da ɗakunan masu amosanin jini a Kano da Katsina da Sakkwato, inda masu wannan larura suke da yawa. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu da jami'o'in Arewa suna da masanan da za su iya, in an ba su kuɗin aiki.

Ga iyaye kuwa, magungunan da ake bayarwa yanzu suna aiki, kuma bai kamata wannan bayani ya sa kowa ya guje su ba. A fara gwada jini kafin a sha, a sha sau shida ɗin duka tare da abinci, mace ta faɗa wa ma'aikacin lafiya idan tana zaton tana da ciki, mai shan wani magani kullum ya ambata shi. Jariri da ramammen yaro kuwa, idan jikinsu ya yi zafi, a wuce kemis a kai su asibiti a ranar.