Sifilin da ke hana kiran waya tsallaka iyakar Bagudo da Benin

Tun ranar 30 ga Nuwamban 2024, lambobin waya a Jamhuriyar Benin suka tashi daga alƙaluma 8 zuwa 10, bayan hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, ARCEP, ta ƙara 01 a gaban kowace lamba don faɗaɗa adadin layukan da za a iya rabawa. Sauyin ya shafi masu layin MTN da Moov Africa da Celtiis baki ɗaya, ya kuma shafi fataken Tsamiya da Lolo da Illo a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, waɗanda cinikinsu da Segbana da Malanville ya dogara da waya.

Matsalar tana ga sifilin farko. A tsarin Najeriya, sifilin da ke gaban 0803 ko 0805 alama ce ta kiran cikin gida, shi ya sa ake cire shi idan an sa lambar ƙasa, wato +234. A sabon tsarin Benin kuwa, sifilin yana cikin lambar kanta. Mai kira daga Bagudo zai danna +229, sannan 01, sannan tsofaffin alƙaluma takwas. Wanda ya bi al'adar da ya saba ya cire sifilin, alƙaluma tara zai aika, kuma babu irin wannan lamba a Benin.

Benin ba ita ta fara ba. Kwaddibuwa ta koma alƙaluma 10 a Janairun 2021, ita ma ta bar sifilin a cikin lamba, kamar yadda Italiya ke yi wa wayoyin gida da ofis. Ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta iyakance tsawon lamba ga alƙaluma 15, amma ta bar wa kowace ƙasa ikon tsara abin da ke biye da lambar ƙasarta.

Akwai wani ruɗanin kuma. Shekaru da yawa ɗan Najeriya ya san 01 a matsayin lambar Legas. Daga farkon 2024 hukumar NCC ta mayar da ita 0201, ta Abuja ta zama 0209. Don haka lambar da ta fara da 01 a jikin tirela ko a takardar ciniki a bakin iyaka, mai yiwuwa ta Benin ce.

Hukumomin biyu kowacce ta sanar da mutanenta, amma mai kira daga ƙetare yana wajen da'irar sanarwar. Ga dillalin albasa ko direban da ke jiran kaya, kiran da bai shiga ba yana iya zama asarar yini guda. Gyaran yana da sauƙi: a sake adana lambobin Benin da +229 01 a gaba. Aikin kamfanonin waya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne su isar da wannan bayani da Hausa da Dandanci a kasuwannin iyaka.