Ledar Gilashi Ko Sabuwar Taga: A Dubi Inda Rana Ke Faɗowa Tukuna

Tun daga watan Mayu na 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, sa'an nan kuma a watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ninka kuɗin wutar masu rukunin farko fiye da sau uku, sanyaya ɗaki ya zama wani babban nauyi a wuyan magidanta. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Don haka ne masu gidaje da yawa suka koma duban tagoginsu, suna shawarar ko su liƙa wa gilashin leda mai tare rana, ko kuwa su cire tagogin ɗungum su sa sababbi.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, waɗannan magunguna biyu ba cuta ɗaya suke warkarwa ba. Aikin ledar gilashi guda ne, watau ta rage hasken rana da zafinsa da ke ratsa gilashi, ta kuma tare irin hasken nan da ke koɗar da labule da kujeru. Ba ta toshe kafar da ƙurar hunturu ke bi, ba ta hana ruwan damina shigowa ta firam ɗin da ya yi tsatsa, ba ta kuma ƙara iska a ɗaki. Wanda tagarsa ta ruɓe ya liƙa mata leda, ya yi fargar jaji ne kawai.

Amma fa inda firam ke da ƙarfi, gilashi kuma lafiyayye, cire taga almubazzaranci ne. Sauya taga na bukatar mai walda da magini da mai fenti, a fasa bango a sake shafe, alhali kuwa leda aikin wuni guda ce, kuɗinta kuma bai kai rabin na sabuwar taga ba. Sai dai araha ba ta ado. Baƙar leda mai arha tsotse zafi take yi ta riƙe shi a jikin gilashi, har wani lokaci gilashin ya tsage, kuma bayan ɗan lokaci takan koɗe ta yi ƙuraje. Mai kyau ita ce wadda ke mayar da zafin waje ba tare da ta duhunta ɗaki ba, don ɗakin da ya yi duhu da rana tsaka sai an kunna masa fitila.

Akwai kuma wani abin lura da ya shafi mutuncin iyali. Wasu suna sayen leda mai kama da madubi don kada na waje ya ga matan gida. Wannan sutura ta rana ce kurum. Da dare ya yi aka kunna fitila a ciki, al'amarin juyawa yake yi, na waje ya ga na ciki sarai, na ciki kuwa ba ya ganin kowa. Lalle ne mai sayarwa ya faɗi wannan gaskiya, mai saye kuma kada ya yar da labulensa.

Masu son sababbin tagogi su ma sai su yi hattara da yayi. Tagar alminiyon da ake zugewa tana da ban sha'awa, tana kuma tare ƙura fiye da tsohuwar taga mai jerin gilasai, amma rabinta kaɗai ke buɗuwa. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, iskar dare ita ce fankar talaka, wanda ya rage mata hanya kuwa ya sayi zufa da kuɗinsa.

Daɗin daɗawa, hikimar magabata ta riga ta nuna hanya. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga katanga mai kauri da 'yan ƙananan tagogi, ya kuma ji sanyin da babu na'urar da ta kawo shi. Ƙasar Hausa tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana takan bi ta saman kai. Tagogin kudu da arewa 'yar rumfa ta ishe su, na gabas da yamma ne ke shan rana kai tsaye, musamman na yamma bayan azahar. Inuwar da aka yi a waje, ko ta baranda ko ta bishiyar darbejiya, ta fi kowace leda amfani, domin tana tare zafin tun bai taɓa gilashi ba.

Saboda haka, kafin magidanci ya kira ɗan kwangila, ya zaga gidansa da hantsi da kuma la'asar, ya ga tagogin da rana ke duka. Waɗannan ya yi musu inuwa, ya ƙara da leda mai inganci in da hali. Wadda ta ruɓe ita kaɗai ya sauya, ya kuma zaɓi mai buɗuwa gaba ɗaya da ragar sauro. Hukumomin tsara birane na jihohi su ma ya dace su riƙa duban fuskar tagogi kafin su amince da zanen gini, don gyara tun a takarda ya fi fasa bango sauƙi.