Kitse Da Ƙyauren Zuciya: Kada Mu Manta Da Maƙogwaron Yara

Zuciyar ɗan Adam tana da ƙyaure huɗu, masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. A wajen dattawa, ƙyauren da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki shi ya fi lalacewa. Kitsen da ke yawo cikin jini yakan maƙale a jikinsa, wurin ya kumbura, sannan ya ƙandare kamar ƙashi, hanya ta ƙuntata. Sai mutum ya riƙa haki da jiri da ciwon ƙirji.

Da aka gane haka, likitoci sun zaci maganin rage kitsen jini zai tsayar da cutar. A shekarar 2008 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi a Turai kan mutum 1,873: kitsen ya ragu sosai, amma ƙyauren bai daina ƙandarewa ba. A 2013 kuma bincike ya nuna hannun wani nau'in kitse mai suna Lp(a), wanda gadonsa ake yi. Barin man shanu da tsire bai cika rage shi ba, kuma ya fi yawa a jinin baƙar fata. Wannan ba izini ba ne ga ma'aikacin gwamnati ya dulmuya cikin maiƙo, don sauran jijiyoyin zuciya ba za su yafe masa ba.

To, amma fa jama'a, a Yako da ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ba kitse ne kan gaba wajen ɓata ƙyauren zuciya ba. Ciwon maƙogwaro ne na yara 'yan shekara 5 zuwa 15, wanda ƙwayar cuta ke kawowa. In ba a kashe ta da fanisilin ba, garkuwar jiki takan juya ta afka wa gaɓoɓi da zuciya. Sau da yawa wanzami ake kira ya cire belu, ƙwayar kuwa tana nan daram. Bayan shekaru, budurwa ta yi aure ta sami ciki, zuciya ta gaza, a ɗauke ta zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a makare.

A ganinmu, kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta ajiye fanisilin a kowane ɗakin shan magani na waɗannan ƙananan hukumomi, ta kuma umarci malaman firamare su tura duk yaron da ke kukan maƙogwaro da zazzaɓi asibiti a ranar. Wanda cutar ta riga ta taɓa, a riƙe sunansa a littafi, a yi masa allura kowane mako uku ko huɗu ba fashi.