Gidajen marayu da na gyaran hali: Buhun shinkafa ba ya warkar da mikin zuciya

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin wani babba a Abuja ya san yadda ake shirya ziyarar gidan marayu. Da zarar azumi ya kama, ko Kirsimeti ta matso, ko ranar haihuwar oga ta zagayo, sai a rubuta takarda, a fitar da kuɗi, a loda buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da sabulu. A jera yara su yi waƙar maraba, a ɗauki hoto, kafin la'asar labari ya hau Facebook. Ban raina wannan alheri ba, domin yaro mai jin yunwa abinci yake fara nema. Amma idan motoci sun tashi, dare ya tsala, yaro ya farka a firgice yana kururuwa, wa ke zuwa wurinsa? Da rarrashi yake zuwa ko da dorina?

Ba a kai yaro gidan marayu ko gidan gyaran hali don jin daɗi. Akwai wanda aka tsinta yana jariri a bakin kwata, da wanda aka kashe iyayensa a gabansa a Borno ko Zamfara, da yarinyar da aka ci zarafinta a gidan da ya kamata ya kare ta, da wanda kwanan tasha ya jefa a hannun 'yan sanda. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Wannan a cikin gidajen jama'a ke nan, balle waɗanda gida ya riga ya kuɓuce musu.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da bayyana abin da dogon tsoro ke yi wa yaro. Jikinsa yakan saba da zama cikin shirin gudu ko faɗa, ko da haɗarin ya wuce. Bugun ƙofa, ko ɗaga murya, ko a dafa shi ta baya, sun isa su mayar da shi daren da aka ƙone ƙauyensu. Daga nan ake samun fitsarin kwance, da ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, da cizo, da ƙarya, da shirun da ba a gane kansa. Mu kuwa sai mu kira shi taurin kai, ko mu ce iska ce, ko halin gidansu ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998, wanda ya shafi mutum sama da 9,000, ya gano cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya gani a ƙuruciya, gwargwadon haɗarin faɗawarsa shaye-shaye da ciwon damuwa, har da ciwon zuciya, bayan ya girma.

Mun ga inda rashin fahimtar wannan ke kai mu. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, da niyyar gyara. A Nuwamban 2024 kuma ƙasa ta kalli yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa suna faɗuwa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Kwance mari da buɗe ƙofar kurkuku aikin yini guda ne. Fitar da tsoron da suka dasa aikin shekaru ne, kuma shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa.

Kulawar da ke la'akari da mikin zuciya ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. Tana farawa ne daga sauya tambaya: maimakon "me ya sa ba ka jin magana?", sai a nemi sanin abin da ya sami yaron. Lokacin abinci da na barci su tabbata, domin wanda rayuwa ta sha yaudara yana samun natsuwa idan ya san abin da gobe za ta zo da shi. A ba shi mai reno guda da zai saba da ita. A daina duka da kulle a ɗaki da horon yunwa. A sanar da shi kafin a sauya masa ɗaki ko gida. Kada a tsayar da shi gaban baƙi ya ba da labarin mutuwar uwarsa don a tausaya a ƙara gudummawa.

Wani zai ce wannan shagwaɓa ce, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a bar yaro ba kwaɓa. Sai dai iccen da ya riga ya tsage, in aka tanƙwara shi da ƙarfi karyewa yake yi. Yaron da duka ya kawo shi gidan, wani dukan ba zai koya masa komai ba illa cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya.

Mafi alheri ma shi ne zaman irin waɗannan gidaje ya zama na ɗan lokaci. A ƙasar Romaniya, daga shekarar 2000, masana sun bibiyi yara 136 na gidajen marayun Bukares, suka tarar waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari kaifin fahimta da iya shaƙuwa da mutane. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 sun ce yaro ƙasa da shekara uku cikin iyali ya kamata a rene shi. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gwaggo da kawu sun rene marayu tun kafin a gina gidan marayu ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne tallafi da sa ido, don kada riƙon ya koma bauta.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Muna da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, da Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Giɓin yana cikin kasafin kuɗi, kuma a kan teburinku yake wucewa. Katanga da motar ofis suna samun gurbi cikin sauƙi saboda kwangila ce. Horar da mai reno, da biyan ta albashin da zai hana ta barin aiki bayan wata shida, da hutun da zai rage mata nauyin abin da take ji kullum, su ne ake fara sokewa. Ga kuma abin da ba ya buƙatar sabon gini: Kaduna da Abeokuta kowace tana da gidan gyaran matasa na tarayya, tana kuma da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya. Yarjejeniya tsakanin Ma'aikatar Cikin Gida da ta Lafiya ta isa ta sa a duba kowane yaro ranar da aka karɓe shi, a kuma ci gaba da bibiyarsa.

Saboda haka, ranar da aka sake ce maka ka shirya wa oga ziyara, kai shinkafar. Amma ka bar mai hoto a bakin ƙofa, ka tambayi shugabar gidan abu uku: yara nawa ke hannun mai reno ɗaya da dare, yaushe aka yi mata horo na ƙarshe, kuma me ake yi wa yaron da ya yi fitsarin kwance. Amsar da ka samu ita ce ya kamata ta shiga takardar da za ka ajiye a gaban oga.